Yashin Orozo da Sojojin da Ba Su Kai Ɗan Yatsa Ba

Duk wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa Karshi da damina, ya ratsa ta Orozo, zai ga yashin da ruwa ya tara a bakin kwalbatoci, mutane na takawa suna wucewa. Alhali kuwa irin wannan yashi ne ake ƙullawa a 'yan ledoji ana sayarwa a Turai, saboda masu wasan yaƙi da 'yan mutum-mutumin sojoji.

Wasan ya daɗe. Wani Bajamushe, von Reisswitz, ya fara gwada shi a kan teburin yashi, ya kuma gabatar wa Sarkin Prusiya a 1812. Ɗansa ya gyara ƙa'idojin a 1824, rundunar ƙasar ta karɓa don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wasan ya shiga gidajen farar hula.

Sojan da aka fi amfani da shi yau tsawonsa kamar milimita 28 ne, yana tsaye bisa ɗan faifai mai faɗin kwabo. In aka bar faifan nan fayau, sai sojan ya zama kamar wanda aka ɗora a kan faranti. To, nan ne yashi yake shigowa.

Da farko a wanke yashin, a shanya ya bushe sarai, sannan a tankaɗe da rariya, domin tsakuwa guda a gefen soja ƙarami tamkar dutse take. Sai a sami farin gam irin na kafintoci, a ɗan sirka da ruwa, a shafa wa faifan da buroshi, ana kiyaye ƙafafun sojan. A tsoma faifan cikin yashi, a kakkaɓe, a bar shi ya kwana. Kashegari a ɗiga masa gam mai ruwa-ruwa don ya kama. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake wannan, yashinsa zai zube tun wasan farko. Daga ƙarshe a shafa fenti ruwan ƙasa mai duhu, in ya bushe a bi samansa da mai haske kaɗan.

Amfanin abin ya wuce wasa. Malamin tarihi da ke son nuna wa ɗalibai yadda aka gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, ko a Burmi a 1903, zai iya sa su gina 'yan dawaki da mahaya da yumɓu, su shirya filin daga a kan katako. Yaron da ya jera mayaƙa da hannunsa da wuya ya manta inda kowa ya tsaya. Gam yana shagon kafinta, yashi kuwa ga shi nan a ƙofar gida kyauta.