Gado a rubutun manhaja: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mai rubuta manhajar banki zai tarar asusun albashi da na ajiya da na kasuwanci duk suna da lamba, ana zuba musu kuɗi, ana cirewa. Idan ya rubuta wa kowanne umarninsa daban, ranar da kuskure ya fito sai ya gyara wuri uku. Gado shi ne a rubuta aji ɗaya na asali, sauran azuzuwan su ɗauki abin da ke cikinsa.

Asalinsa

Dabarar ta fito ne a yaren Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro a birnin Oslo a 1967. Daga nan ta shiga Smalltalk da C++ da Python da Java.

Yadda ake aiwatar da shi

A Python ana rubuta `class AsusunAjiya(Asusu):`, a Java kuma `class AsusunAjiya extends Asusu`. Da wannan layin kaɗai, sabon ajin ya gaji ayyukan uban. Yana iya barin su yadda suke, ko ya ƙara nasa kamar lissafin riba, ko ya sake rubuta wani da salonsa. Idan ya sake rubutawa amma yana buƙatar na uban ma, sai ya kira shi da `super`.

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. A Python, in ɗan ya rubuta nasa `__init__` bai kira `super().__init__()` ba, lambar asusu da ragowar kuɗi ba za su samu ba, kuma kuskuren ba zai fito ba sai an neme su. A Java kuwa, abin da uba ya sa wa `private` ɗan ba ya taɓa shi kai tsaye. Amma wanda aka sa wa `protected` yana iya kai wa gare shi.

Idan iyaye sun zama biyu

A ce azuzuwa biyu sun gaji aji ɗaya, kowanne ya sauya aiki iri ɗaya, sannan na huɗu ya gaje su duka. Na wa zai ɗauka? C++ ta halatta haka tun 1989, ta bar wa mai rubutu warwarewa. Java ta hana. Python tana jera iyayen da tsarin C3 tun 2003, kuma `__mro__` zai nuna maka jerin.

Inda matsalar take

A 1987 Barbara Liskov ta kawo ƙa'idar da har yau ake auna gado da ita: duk inda aka yi tsammanin uba, dole ɗan ya iya tsayawa a wurin ba tare da komai ya lalace ba. Ɗauki asusun da ake kulle kuɗi sai bayan wata shida. In ya gaji `Asusu`, ya gaji cire kuɗi a kowane lokaci, abin da ba zai iya ba. Duk sashen manhajar da ya dogara da wannan alƙawari zai faɗi.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A Java, `Stack` ya gaji `Vector`, shi ya sa ake iya cusa abu a tsakiyarsa, alhali ƙa'idarsa daga sama ake ɗorawa, daga sama ake ɗauka. Ga kuma gyara kaɗan a uba, wanda kan girgiza 'ya'ya da jikoki gaba ɗaya. Yaren Go, da Google ta fitar a 2009, bai ma saka gadon aji ba sam.

A ganina, rage yawan rubutu bai isa hujjar yin gado ba. Kafin ka rubuta `extends`, ka tabbatar sabon ajin zai cika duk alƙawarin uban. In ba zai cika ba, ka ajiye uban a cikinsa a matsayin kayan aiki, ka riƙa kiran abin da kake buƙata kawai.