Karaoke: Kafin Ka Karɓi Makirufo, Gwada Ƙololuwar Waƙar

Duk wanda ya taɓa zama wurin karaoke, a Yamai ne ko a Faris, ya san yadda abin yake: saurayi ya fara waƙa lafiya lau, ana ta yi masa tafi, amshi na zuwa sai murya ta maƙale a wuya. Kiɗa kuwa ba ya jiran kowa, ga abokai sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo.

Yawanci ba rashin murya ba ne, zaɓen waƙar ne bai yi daidai ba. Kowace murya tana da iyaka ta ƙasa da ta sama, kuma mutane suna auna waƙa da baitin farko, alhali nan ne ta fi sauƙi. Dubi "I Will Always Love You" yadda Whitney Houston ta rera ta a 1992. A hankali take farawa, ko kiɗa babu, amma daf da ƙarshe sai ta haura sama gaba ɗaya. Nan ake jin kunya.

Don haka tun a gida ka nemi inda waƙar ta fi tsawo, ka rera shi da cikakkiyar murya, a tsaye. Yin ta ƙasa-ƙasa a kan babur yaudara ce, kowa gwani ne a nan. In ka ji maƙogwaro ya ɗaure, jijiyoyin wuya sun tashi, ko kana ɗaga haɓa don ka kamo sautin, waƙar ta fi ƙarfinka. Ka gwada inda ta fi sauka ma, domin in muryar ta koma iska, makirufo ba zai ɗauke ta ba.

Na'urorin karaoke da yawa suna da maɓallin sauke kiɗa ko ɗaga shi mataki-mataki. Saukewa biyu ko uku ba abin kunya ba ne. In sai ka sauke biyar ko shida, gara ka sauya waƙa.

Waƙoƙin fina-finan Hausa ma suna da nasu tarko. Da yawa a situdiyo ake gyara muryar da Auto-Tune, ga baiti na namiji, ga na mace mai siririyar murya. Maimakon ka ɗauki duka biyun kai kaɗai, nemi abokiyar rerawa ku raba. In lokacin hunturu ne kuma, ƙura na busar da maƙogwaro, sai ka kurɓi ruwa mai ɗumi kafin a kira sunanka.