Abin da waya ba ta tambayi Gwaggo ba

Ranar wata Talata da yamma a unguwarmu ta Kabalaye, Gwaggo ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, tura wa ƙanwarka dubu biyu a Abeche, kuɗin maganin yaro ne." Na danna 2,000, saƙo ya tafi. Bayan magariba sai ga kira, ƙanwata tana faɗa: mai kantin magani ya ce kuɗin bai kai ko rabi ba.

Ashe Gwaggo da riyal take lissafi, kamar yadda ake ciniki a kasuwannin N'Djamena. Riyal ɗaya sefa 5 ne, don haka dubu biyunta sefa 10,000 ne cif. Haka 'yan uwanmu na Maraɗi suke ƙirga da dala. Ita kuwa manhajar, sefa kawai ta sani. Yaron bai sha magani ba sai washegari.

Da masu ƙera manhajar sun zo sun tambayi Gwaggo me take buƙata, da ta ce a rage kuɗin caji. Ba za ta taɓa ambaton riyal ba, domin a wurinta ai haka kowa ke ƙirga kuɗi. Nan gizo ke saƙar: buƙatar da ta fi muhimmanci ita ce wadda mai ita bai ma ɗauke ta buƙata ba. Takardar tambayoyi ba ta kamo ta, sai an zauna kusa da mutum an ga yadda yake yi.

An ga haka a Kenya. Da aka fara gwajin M-Pesa a 2005, an tsara shi ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Sai aka lura mutane na amfani da shi wajen aika wa juna kuɗi. Safaricom ya bi sawunsu, ya ƙaddamar da shi a Maris 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida.

Mu ma abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: kafin saƙo ya tafi, allo ya nuna sefa da riyal gefe da gefe. Kafin nan dai, duk wanda ya ba ni waya, sai na tambaya: "Na baki ne, ko na takarda?"