Yadda dokar katin bashi ta buɗe wa bindiga ƙofar gandayen dajin Amurka

A ranar 22 ga Fabrairun 2010 wata doka ta fara aiki a Amurka, wadda ta kawo ƙarshen tsarin da aka shafe shekaru fiye da 70 ana bi a gandayen dajin gwamnatin tarayya. Daga wannan rana, duk wanda dokar jihar da gandun yake cikinta ta yarje masa ɗaukar bindiga, yana da damar shiga da ita ɗure da harsashi, ko da kuwa a ɓoye take cikin riga ko jaka.

Sashen da ya ba da wannan dama yana ƙunshe ne a cikin dokar da aka yi domin hana bankuna zaluntar masu riƙe da katin bashi. Yadda bindiga ta sami mazauni a dokar banki, da abin da ya biyo baya, su ne ke nuna inda gizo ke saƙar a wannan muhawara: shin gandun daji wuri ne na musamman mai dokar kansa, ko kuwa wani yanki ne kawai na jihar da yake cikinta?

Asalin hanin

Tun farko, dabbobi aka yi nufin karewa da hana bindiga. An kafa gandun Yellowstone, wanda shi ne na farko a ƙasar, a 1872, amma mafarauta suka ci gaba da karkashe namun cikinsa har sai da aka damƙa gadinsa ga sojoji a 1886. A 1894 aka kama wani mafarauci mai suna Edgar Howell yana feɗe ɓaunayen da ya harbe, sai aka tarar babu wata doka mai ƙarfi da za a hukunta shi da ita. Abin ya tayar da ƙura, kuma a wannan shekara majalisa ta zartar da dokar da ta haramta farauta a gandun.

Bayan kafa Hukumar Kula da Gandayen Daji a 1916, an fitar da ƙa'idojin bai-ɗaya a 1936 waɗanda suka taƙaita shiga da makami. A 1983, zamanin Shugaba Ronald Reagan, aka sabunta su: baƙo na iya wucewa da bindigarsa a mota, da sharaɗin a cire mata harsashi a kuma ajiye ta inda hannu ba zai kai gare ta cikin sauri ba. Hikimar ita ce, jami'in gandu ba ya buƙatar ya jira a harbe dabba. Da zarar ya ga mutum da bindiga a ɗure, ya sami hujjar tsayar da shi.

Daga ma'aikata zuwa kotu, daga kotu zuwa majalisa

Cikin shekarun da suka biyo baya, jihohi da yawa sun sassauta ba da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye. Ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA ta riƙa korafin cewa mutum mai lasisi yana zama mai laifi don kawai hanyarsa ta ratsa gandun daji. A ƙarshen 2007 sanatoci kusan 50 suka rubuta wa Sakataren Harkokin Cikin Gida, Dirk Kempthorne, suna neman a sauya ƙa'idar. A watan Yunin 2008 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller, ta yanke cewa Gyara na Biyu na Kundin Tsarin Mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar bindiga domin kare kansa a gida.

Gwamnatin George W. Bush ta fitar da sabuwar ƙa'ida a Disambar 2008, ta fara aiki a ranar 9 ga Janairun 2009, kwanaki kaɗan kafin ya sauka. Ba ta yi tsawon rai ba. Ƙungiyar Brady mai yaƙi da kashe-kashen bindiga, da wata ƙungiyar kare gandayen daji, da ta tsofaffin ma'aikatan hukumar suka garzaya kotu. A ranar 19 ga Maris, Mai Shari'a Colleen Kollar-Kotelly ta kotun tarayya da ke Washington ta dakatar da ƙa'idar. Ba ta taɓa batun 'yancin mallakar bindiga ba. Abin da ta kama ma'aikatar da shi shi ne ƙin gudanar da binciken illa ga muhalli da doka ta wajabta. Ma'aikatar ta kafa hujja da cewa tun da ƙa'idar ba ta halatta harbi ba, babu illar da za a bincika, ita kuwa alƙaliyar ta ga wannan hujja ba ta riƙe ruwa.

Nan ne Sanata Tom Coburn na jam'iyyar Republican daga Oklahoma ya ga ƙofa. Shugaba Barack Obama yana ɗokin sa hannu a dokar katin bashi, sai Coburn ya liƙa mata gyara a kan bindiga. Duk da cewa jam'iyyar Democrat ce ke da rinjaye, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 67 da 29, ta Wakilai kuma 279 da 147, domin 'yan Democrat da dama daga jihohin karkara ba sa son a gan su suna adawa da masu bindiga. Obama ya sa hannu a ranar 22 ga Mayun 2009. Da yake an bai wa bankuna watanni tara su shirya, sashen bindigar ma ya jira har Fabrairun 2010. Abin da kotu ta rushe a matsayin ƙa'idar ma'aikata ya dawo a matsayin dokar majalisa, wadda ba ta buƙatar wancan bincike.

Abin da dokar ta halatta da wanda ta bari a haramce

Saɓanin Najeriya, inda batun makamai yake hannun gwamnatin tarayya kaɗai, a Amurka kowace jiha ce ke tsara wanda zai ɗauki bindiga da yadda zai ɗauke ta. Dokar 2009 ta miƙa gandayen ga wannan tsari. Sakamakon haka, gandu guda yana iya samun dokoki biyu ko uku. Yellowstone ya ratsa Wyoming da Montana da Idaho. Death Valley yana tsakanin Kalifoniya, wadda ba ta amincewa da lasisin wata jiha, da Nevada mai sassauci. Mai tafiya a hanyar ƙafa ta Appalachian yana keta jihohi 14, kuma nauyin sanin dokar kowacce a wuyansa yake.

Abubuwa biyu ba su sauya ba. Na farko, wata tsohuwar dokar tarayya ta hana shiga da makami ginin da ma'aikatan gwamnati ke aiki a ciki, don haka ofishin jami'an gandu da zauren karɓar baƙi suna nan a haramce, kuma akan liƙa sanarwa a ƙofarsu. Na biyu, ɗauka daban, harbi daban. Farauta da gwajin saiti haramun ne a mafi yawan gandayen. Wanda ya harba bindiga ya ce kansa ya kare, sai an bincika.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa gandayen na da faɗi ƙwarai, jami'ai kaɗan ne, wayar salula ba ta kamawa a wurare da yawa, kuma wanda aka kai wa hari a tsakiyar daji ba shi da mai kawo masa ɗauki. Suna ƙarawa da cewa 'yancin da tsarin mulki ya bayar ba ya tsayawa a bakin ƙofar gandu.

Masu adawa kuwa suna nuni da cewa gandayen, waɗanda ake ziyarta fiye da sau miliyan 300 a shekara, suna cikin wuraren da manyan laifuka suka fi ƙaranci a ƙasar. Sun ce dokar ta ƙwace wa jami'ai hanya mafi sauƙi ta kama masu farautar sata, kuma baƙon da ya firgita zai iya harbin dabbar da ba ta nufe shi da sharri ba. Game da dabbar beyar, wadda aka fi tsoro, hukumar tana ba da shawarar riƙe feshin barkono, kuma wani bincike da aka wallafa a 2008 kan abubuwan da suka faru a Alaska ya nuna feshin ya kori dabbar a fiye da kashi 90 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi.

Abubuwan da suka faru bayan dokar ba su raba gardamar ba. A Mayun 2010, watanni uku da fara aikinta, wani matafiyi ya harbe beyar da ƙaramar bindiga a gandun Denali na Alaska, ya ce ta tasam ma abokiyar tafiyarsa. A ranar 1 ga Janairun 2012 aka harbe jami'a Margaret Anderson har lahira a gandun Mount Rainier. Masu adawa suka ce ga irinta nan. Masu goyon baya suka amsa cewa makashin ya gudo ne bayan ya harbi mutane a kusa da Seattle, kuma babu ƙa'idar da za ta tsayar da irinsa. A ranar 4 ga Yulin 2024 ma jami'ai sun kashe wani ma'aikacin kamfani da ya buɗe wuta a Yellowstone, jami'i ɗaya ya ji rauni.

Inda muhawarar ta dosa

Da yake dokar tana bin sawun jihohi, ma'anarta na sauyawa ba tare da majalisar tarayya ta sake taɓa ta ba. A 2009, jihohin Vermont da Alaska ne kaɗai ke barin mutum ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba. Zuwa 2024 adadin ya kai 29. Ke nan a gandaye da yawa, sharaɗin lasisi da aka kwantar wa jama'a hankali da shi tun farko ya kau.

A watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta faɗaɗa 'yancin zuwa wajen gida, ta kuma ce duk dokar da za ta taƙaita shi dole ta yi daidai da abin da aka saba a tarihin ƙasar. Ta amince ana iya hana bindiga a wasu keɓaɓɓun wurare kamar kotuna da rumfunan zaɓe da majalisu, amma ba ta fayyace matsayin wuraren shaƙatawa ba. A Satumbar 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar Kalifoniya da Hawaii su ci gaba da hana bindiga a irin waɗannan wurare.

Don haka, makomar bindiga a gandayen dajin Amurka tana hannun majalisun jihohi da alƙalai fiye da hukumar da ke gadin su. Jami'in gandu da ya haɗu da baƙo ɗauke da bindiga a yau, dole ya fara sanin a ƙasar wace jiha suke tsaye kafin ya san ko an karya doka.