Hoton Waya da Kasuwar Gyaran Jiki: Wa Ya Gaya wa Yaranmu Halittarsu Ba Ta Cika Ba?

Tun a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan ƙasar suna amfani da mayukan sauya launin fata. A 2025 kuma BBC ta kawo rahoto daga Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu irin waɗannan mayuka har fatarsu ta lalace. An yi Allah-wadai, an yi wa'azi, kasuwar kuwa tana nan tana ci. Kuskurenmu shi ne muna kallon bilicin daban, ƙwayar sha-ka-fashe daban, ciko daban, maganin ƙara girman gaba daban, alhali duka daga tushe ɗaya suka fito: matashi ya ga wani jiki a waya, ya ɗauka haka jikin ɗan Adam yake, ya yanke wa kansa hukuncin tawaya, kuma babu babba ko ɗaya da ya zaunar da shi ya ce masa ƙarya aka nuna masa.

Yaro yana gane abin da yake daidai ne ta abin da idonsa ya saba gani. A da, budurwa tana gwada kanta da 'yan unguwarsu da 'yan ajinsu, masu ƙuraje da rama da kaushi irin nata. Yau kafin ta yi barci ta kalli fuskoki bila adadin waɗanda manhaja ta goge musu tabo, ta ƙara musu haske, ta matse musu ciki. Tasirin wannan ba zato ba ne. A wani yanki na ƙasar Fiji, inda ake yabon mace mai jiki, talabijin ta isa a 1995. Mai bincike Anne Becker ta jami'ar Harvard ta tarar cewa zuwa 1998 kusan kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan makarantar da ta tambaya suna tilasta wa kansu amai don su rame, abin da babu mai yi a cikinsu shekara uku kafin nan. A 2021 kuma takardun sirri na kamfanin Facebook da Frances Haugen ta fallasa sun nuna kamfanin da kansa ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram yana ƙara musu.

Finafinan batsa sun fi wannan illa, domin suna koyar da darasi a kan sassan jikin da yaro ba shi da inda zai ga na gaskiya balle ya kwatanta. Rahoton Kwamishinar Yara ta Ingila na 2023 ya ce matsakaicin shekarun da yara ke fara ganin batsa shi ne 13, kuma kashi 27 cikin ɗari sun gani tun suna da shekara 11. Wurin da suka fi cin karo da ita kuwa Twitter ne, ba shafukan batsar kansu ba. Wanda ke cikin irin wannan fim an zaɓo shi ne saboda halittarsa ta fita daban, an haɗa da tiyata da ƙwayoyi da dabarar kyamara. Saurayi ɗan shekara 15 bai san haka ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, wanda mutane sama da 50,000 suka amsa, ya nuna kashi 85 cikin ɗari na mata sun gamsu da girman gaban mazajensu, amma kashi 55 kacal na maza ne suka gamsu da nasu. Wannan fargabar ce jarin mai magani da ke kafa amsa-kuwwa a kan mota a bakin tasha, ya baza kwalabe da zane-zane, samari suna raɓe-raɓe har sai idon jama'a ya ɗauke su miƙa kuɗi.

Sai dai babban dalili a ganina shi ne shirun manya. Mun mayar da kunya hujjar barin yaro cikin duhu, kuma addini bai ce a yi haka ba. Ahalari da Ishmawi da Risala, waɗanda ake karantawa a zaure tun kaka da kakanni, sun yi bayanin haila da janaba ba tare da kewaye-kewaye ba. A gida kuma akwai goggo da kaka da yaya, masu jan yarinya ɗaki su fahimtar da ita. Yawancin wannan ya gushe, waya ta gaje gurbinsa. Wayar kuma tana da kasuwarta: shafin da ya nuna wa yarinya surar da ba ta da ita, shi ne zai turo mata mai sayar da haɗin ƙarin ƙugu, da hoton “kafin” da na “bayan” da lambar asusu a ƙasa. Wanda ya sa mata ciwon shi ne ke sayar mata da maganin, kuma duk ranar da ta gamsu da kanta ya yi asarar ciniki.

Sakamakon yana asibiti. Yawancin man bilicin yana ɗauke da hydroquinone ko makuri ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi. Fata tana yin siriri har jijiyoyi su fito kore, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin a kan hannu fari, rauni ya ƙi warkewa bayan tiyatar haihuwa, makuri kuma ya taɓa ƙoda. Ƙwayar dexamethasone da ake sha don a yi ƙiba tana kumbura fuska, tana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Akwai kuma illar da likita ba ya gani: ango da ya shiga ɗaki da ma'aunin da ya ɗauko daga fim, da amarya da ke ganin dole sai ta ci bashi ta gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Masu cewa son farar fata da cikar jiki ya girmi waya suna da gaskiyarsu. “Farar mace alkyabbar mata” ba TikTok ya ƙago ta ba, kuma finafinan Indiya sun daɗe suna aikinsu a kanmu. Haka nan masu bincike sun yarda cewa mai jin haushin jikinsa ya fi yawan kallon irin waɗannan hotuna, don haka ba kullum ake gane wanne ya fara ba. Amma sha'awar da a da take ƙarewa a kirari da lalle da kwalli, yau tana da farashi da allura da mai kawowa har ƙofar gida, kuma ta sauko kan 'yan firamare. Bambancin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hanyar doka. Faransa tun 2017 ta wajabta sanya alama a hoton tallan da aka gyara wa sura, Birtaniya ta tilasta tantance shekaru a shafukan batsa daga Yulin 2025, Ostireliya ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta daga Disambar 2025. A nan, kama 'yar TikTok ɗaya a nuna ta a labarai ba zai rage komai ba muddin ana sayar da sitiroyid a kemis ba da takardar likita ba. NAFDAC ta bi masu haɗa mai da masu tallata shi. Masu shirya fim a Kannywood su daina mayar da hasken fata sharaɗin zama jaruma. Samarin da ke cewa sai fara su san da hannunsu a cikin wannan ɓarna. Iyaye da malaman Islamiyya kuma su riga waya magana: tun kafin yaro ya balaga a gaya masa yadda jiki ke sauyawa, da cewa halitta iri-iri ce, da cewa abin da zai gani a allo sana'a ce ta masu neman kuɗinsa.