Aikin Amsa Waya da Gurbin da Masaƙun Kaduna Suka Bari

A cikin watan Satumba na 2023, Ministar Ciniki da Masana'antu ta wancan lokaci, Dokta Doris Uzoka-Anite, ta ƙaddamar da wani shiri a Amurka, wanda aka ce zai samar wa 'yan Nijeriya miliyan ɗaya aikin yi cikin shekara biyar. A watan Maris na 2024 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya je Gombe ya buɗe wani shirin mai kama da shi. Manufar duka biyun ɗaya ce, watau a jawo kamfanonin ƙasashen waje su riƙa ba samari da 'yan matan ƙasar nan aikin da za su yi musu daga nan gida, ta hanyar waya da kwamfuta.

Mafi shahara cikin irin waɗannan ayyuka shi ne na cibiyar amsa waya. Babban ɗaki ne ake cika shi da tebura, kowane ma'aikaci da kwamfutarsa da abin sauraro a kunne. Idan wani Ba'amurke ya sami matsala da bankinsa ko da kayan da ya saya, sai ya buga waya, kiran ya faɗo a wannan ɗaki, ma'aikaci ya amsa masa da Turanci bisa ga kalmomin da aka tsara masa. Ana lissafin yawan kiran da ya amsa, da mintocin da ya ɓata a kan kowane.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Kamfanin Outsource Global, wanda Hajiya Amal Hassan ta kafa a 2013, yana da ofis a garin, kuma a 2018 Gwamnatin Jiha tare da Bankin Duniya sun fara wani shiri mai suna Click-On Kaduna domin koya wa matasa neman aiki ta intanet. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan ba abin kirki ba ne. Wanda ya gama Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya shekara uku yana yawo da takardu a ambulan, ya san darajar albashi komai ƙanƙantarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda masu mulki ke ɗaukar waɗannan kujeru su ɗora su a ma'auni ɗaya da ayyukan da garin ya rasa, har su riƙa magana kamar an sami magajin masaƙa.

Mutanen Kawo suna da hujjar yin tambaya a kan haka, ko da yake masaƙun ba a unguwarsu suke ba. Masaƙun suna can Kakuri, a ƙetaren kogi ta kudu. Amma Kawo ita ce ƙofar Kaduna ta arewa. Duk wanda ya taso daga Zariya ko Kano ko Katsina neman aiki, a tasharta yake fara sauka, kuma da yawa daga cikin dattawan da ke zaune yau a Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Unguwar Kanawa ta haka suka shigo garin. Wani ya sami aikin gwamnati, wani ya shiga soja, wani kuwa ya riƙa tsallaka gada kowace safiya zuwa Kakuri. Idan an biya albashi a can, kasuwar Talata ta Kawo takan ji a jikinta.

Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ce ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead aka kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles wadda aka yi da Japanawa, ga kuma United Nigerian Textiles ta mutanen Hong Kong. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, a 1980 kuma matatar mai. Dubban mutane ne ke shiga waɗannan ma'aikatu kashi-kashi, dare da rana, kuma galibinsu ba su wuce makarantar firamare ba.

Aikin masaƙa ba aikin jin daɗi ba ne. Akwai ƙara mai kashe kunne, da ƙurar auduga mai shiga ƙirji, da tsayuwar awa takwas. Amma fa yana da abubuwa biyu da ba a cika ambata ba a wajen bikin buɗe ofisoshin zamani.

Na farko, masaƙa ba ta cin abinci ita kaɗai. Kafin zare ya hau inji, sai manomi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ko Gusau ya shuka auduga, an auna ta a kasuwa, an kai ta injin gurza, direba ya ɗauko ta. Bayan an saƙa kuma, ga dillali, ga 'yan Kantin Kwari a Kano, ga tela a bakin titi. Kowane lebura guda da ke tsaye gaban inji, akwai wasu da yawa a bayansa waɗanda ba su taɓa taka ƙofar masaƙar ba amma daga ita suke ci. Cibiyar amsa waya kuwa, ban da wutar lantarki da man janareto da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, kusan ba ta sayen komai a wurin talakan Jihar Kaduna. Kwamfutar daga waje take, mai kiran yana waje, kuma manomi ba shi da rabo a ciki.

Na biyu, ma'aikacin masaƙa yana da baki. A 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, kuma a nan Kaduna hedkwatarta take. Daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar, daga bisani ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya. Ƙungiyar takan zauna da masu masaƙu a yi ciniki a kan albashi da alawus da kuɗin sallama. Lebura ya san ranar da aka ɗauke shi, ya san abin da zai tafi da shi in ya tsufa.

Yadda abin ya rushe sananne ne: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar Naira, rashin wuta, tsadar baƙin mai, sa'an nan ambaliyar atamfar waje, ta halal da ta fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da dama sun mutu ba su gan shi ba. United Nigerian Textiles ta rufe a 2007. An sake buɗe ta a 2010 da bashin da Gwamnatin Tarayya ta ware na Naira biliyan 100 don farfaɗo da masaƙu, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba.

To, sai batun albashi, wanda shi ne zuciyar maganar. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, kuma a lokacin Naira ta fi dala daraja, watau kuɗin ya kai kimanin dala 200. A watan Yuli na 2024 aka mayar da shi Naira 70,000, alhali dala ɗaya ta haura Naira 1,500, saboda haka bai kai dala 50 ba. Wannan arha ita ce hajar da ake tallata wa kamfanonin waje. Ba don ƙaunar Kaduna Bature zai kawo aikinsa ba, sai don abin da zai biya mutum guda a ƙasarsa ya isa ya biya mutane da yawa a nan. Ke nan ranar da albashin ya tashi sosai, dalilin zuwansa ya ragu. Mai yi wa jama'a albishir da irin wannan aiki, ya kamata ya haɗa musu da wannan bayani.

An riga an ga haka a wasu wurare. Lokacin da ma'aikatun kwal da na ƙera jiragen ruwa suka mutu a arewacin Ingila, an cika garuruwa irin su Sunderland da cibiyoyin amsa waya, 'yan siyasa suka yi ta murna. Ba a jima ba, a farkon shekarun 2000, bankuna da kamfanonin inshora suka fara kwashe ayyukan zuwa Indiya, daga baya kuma ƙasar Filifin ta sha gaban Indiya a wannan fanni. Inji mai nauyin tan-tan ba ya tashi dare ɗaya, amma kwangilar amsa waya takarda ce kawai. Yanzu ma ga sabon abokin takara: a 2024 wani kamfanin Suwidin mai suna Klarna ya ce na'urarsa mai amsa tambayoyi tana yin aikin mutum 700.

Har ila yau, ƙofar ba ta kowa ba ce. Sai mai Turanci a baki wanda baƙo zai fahimta a waya. Yaron da ke tura baro a tashar Kawo, ko mai jiran fasinja a ƙarƙashin sabuwar gadar sama da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2022, irinsa ne masaƙa ke ɗauka a da, amma a nan ko takardar neman aikin ba zai gani ba. Wanda ya samu kuma, in da Amurka yake hulɗa, sai ya bi agogonsu, wanda ke bayan namu da awa biyar ko fiye, ya tashi aiki da tsakar dare. Ga 'ya mace da za ta koma Rafin Guza ko Mando a wannan lokaci, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai dai wani ɓangare na sana'ar da ya fi dacewa da garin, ko da yake ba a cika yi masa ganga ba. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, kamfanonin waya da bankuna suna da miliyoyin abokan ciniki waɗanda Hausa kawai suke ji. Wannan aiki da wuya a ɗauke shi a kai Manila.

Ma'aikatan gwamnati da ke rubuta wa manya jawabi, da ɗaliban da za su cika fom, ya kyautu su san wani sashe na dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019. Dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma kare wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da ya yi, ko wanda ba cikakken lokaci yake aiki ba. Mai aiki daga ɗakinsa ta intanet, wanda ake biya bisa ga abin da ya gama, yana cikin waɗanda ta bari a waje, ko da kuwa an ƙidaya shi cikin miliyan ɗayan nan.