Ƙari A Ƙwaƙwalwa: Na Fim Daban, Na Asibiti Daban

Duk tsohon ɗan kallon finafinan Indiya ya san 'Majboor', fim ɗin Amitabh Bachchan na shekarar 1974. Likita ya dubi jarumin ya shaida masa cewa akwai ƙari a ƙwaƙwalwarsa, wata shida kacal ya rage masa a duniya. Don ya bar wa mahaifiyarsa da ƙannensa abin kashewa, sai ya ɗora wa kansa laifin kisan da bai yi ba, a kan ladar rufi lak biyar. Yana gidan yari ciwon ya tashi, aka yi masa aiki, ya warke sumul. Ga lafiya ta samu, ga igiyar rataya tana jiran sa!

Tun daga lokacin marubuta suka samu abin yi. In ana so a sa 'yan kallo kuka, sai a jefa wa jaruma ƙari a kai, kamar yadda aka yi a 'Sanam Teri Kasam' na 2016. A fim hanya biyu ce: ko dai a mutu a hannun masoyi, ko a tashi daga gadon tiyata garau kamar ba a yi ba. A asibiti kuwa labarin ya fi haka tsawo. Wanda zai ba da shaida shi ne Mark Ruffalo, jarumin Amurka da matasa suka fi sani da Hulk, koren ƙaton nan na 'The Avengers'.

Mafarkin da ya zama gaskiya

A shekarar 2001 tauraron Ruffalo ya fara haskawa ke nan. Fim ɗinsa 'You Can Count on Me' ya samu yabo, yana kuma aikin 'The Last Castle' tare da Robert Redford. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki, wata rana ya yi mafarki wai yana da ƙari a kai. Abin ya tsaya masa a rai har ya nemi likita. Da aka ɗauki hoton kansa, ashe kuwa da gaske ne: ga ƙari nan a bayan kunnensa na hagu, girman ƙwallon golf, wato kusan ƙaramin ƙwan kaza.

Matarsa na da tsohon ciki a lokacin, don haka ya haɗiye maganar sai bayan ta sauka. Ƙarin ba na daji ba ne, irin wanda ke tsirowa ne a jikin jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce jijiyar da ke motsa fuska tana manne da wurin. An cire ƙarin, amma ya farka ɓarin fuskarsa na hagu ya shanye, ko ido ba ya iya rufewa. Ka ji ɗan wasan da fuskarsa ce jarinsa! Rawar da aka ba shi a fim ɗin 'Signs' ma sai Joaquin Phoenix ne ya hau. Sai da ya shafe kusan shekara kafin fuskar ta dawo, kunnen hagu kuwa ya tafi ke nan. Duk da haka a 2012 ya zama Hulk, kuma sau huɗu sunansa na shiga takarar kyautar Oscar.

Ita ma Elizabeth Taylor, jarumar 'Cleopatra', an cire mata ƙari a 1997. Nata ya fito ne daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ta bari an ɗauke ta hoto da kai a aske ƙwal, ga tabon ɗinki. Ta ƙara shekara 14 a duniya, kuma ciwon zuciya ne ya zama ajalinta a 2011.

Ba duka ne kansa ba

Ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa sun haura 100, kuma likitoci na jera su daga mataki na 1 zuwa na 4. Yawancin waɗanda ke farawa a cikin kai ba daji ba ne. Amma fa ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ko ƙari mai sanyin hali in ya girma zai danne abin da ke kusa da shi. Mafi muni shi ne wanda ake kira giliyobilastoma. Shi ne ya kashe Sanata John McCain na Amurka a 2018. Ko da an yi duk magani, galibin masu shi ba sa wuce shekara biyu.

Mafarki ba shi ne gwaji ba, alamu ne abin lura. Ciwon kai sabo da ke ƙaruwa kullum, musamman da asuba tare da amai. Farfaɗiya ga babban da bai taɓa yi ba. Gani biyu-biyu ko dishi-dishi. Kunne ɗaya ya daina ji. Hannu ko ƙafa su yi nauyi. Magana ta sarƙe, ko hali ya sauya haka kawai. Kada wani ya tsorata, yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne. Sai dai a ƙasar Hausa da zarar mutum ya faɗi yana shure-shure ko ya soma sambatu, abin da ake fara cewa shi ne iska ko sammu, finafinanmu ma haka suke nunawa. Watanni sai su wuce ba a ga likita ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ita ma laka, wadda ta bi ta cikin ƙashin baya, ƙari na danne ta. Sau da yawa daji ne ya taso daga nono, huhu ko mafitsarar maza ya sauka a ƙashin. Alamarsa ciwon baya da ke tsananta da dare, ƙafafu su riƙa mutuwa, fitsari ya riƙe ko ya zubo ba a sani ba. Wannan ba na jira ba ne, domin jinkirin 'yan kwanaki na iya zaunar da mutum har abada.

Yadda ake aikin

Da farko likita zai gwada ƙarfin gaɓɓai, tafiya da ji, ya leƙa cikin ido. Sai hoto. Na'urar CT, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaciya a Landan a 1971, ta fi sauri. MRI kuma ta fi fito da abu filla-filla. Amma ainihin sunan ƙarin ba ya tabbata sai an gutsuro shi an duba a ɗakin gwaji.

Daga nan magani ya rabu. Ƙarami marar damuwa akan sa masa ido kawai, ana sake hoto lokaci-lokaci. Wani a fiɗe shi. Wani a bi shi da gashi, wato haske mai ƙona ƙwayoyin cutar, sau da yawa na tsawon mako shida, a haɗa da ƙwayoyin daji. Akwai ma aikin da ake yi majinyaci na farke yana magana, don kada wuƙa ta taɓa inda harshe ko hannu suke. A 2020 a asibitin King's College na Landan, wata mata ta riƙa goga gogen Turawa ana tsakiyar cire mata ƙari. Ko a fim sai an tona kafin a ga irin wannan!

A Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. Yanzu asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato duk suna da likitocin wannan fanni, duk da cewa sun yi kaɗan kuma aikin na cin kuɗi.

Kira ga marubuta da daraktocinmu shi ne, in za a sa wa jaruma wannan ciwo, a nuna ta a layin hoto, a nuna dangi na haɗa kuɗi, a nuna ta tana koyon tafiya bayan aiki. Wata yarinya da ke kallo, kai na sara mata kowace asuba, wataƙila daga nan za ta ce a kai ta asibiti.